Kashi Ashirin da Tara

Shekara ashirin da shida mijina yana hidimar wata fitila, kuma har yau ban taɓa ganin haskenta ba. Shi ma bai taɓa gani ba. Ba wanda ya taɓa gani, domin irin hasken da ido ba ya kamawa ne. In na faɗa wa matan da ke kawo mini ɗinki haka, sai su dube ni da tausayi, kamar wadda aka daɗe ana shirga wa ƙarya a gida.

Sunan abin leza. Lokacin da ya zo neman aurena, mahaifiyata reza ta ji, ta kuwa bi dangi tana gaya musu aski yake yi a jami'a. Har ta koma ga Allah ba ta gyara ba, shi kuma bai taɓa gyara mata ba. Halinsa ke nan. Ko taka shi ka yi, shi zai fara ba ka haƙuri, kuma wannan hali ya fi komai ci mini rai a zamanmu.

Ɗan mai gyaran agogo ne. A shagon mahaifinsa ya koyi riƙe numfashi in zai taɓa ƙaramin abu, ya kuma sami hannun da ba ya rawa. Bai yi digiri ba, takardar koyon sana'a ce da shi, da ita aka ɗauke shi ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen kimiyya. Ɗakin yana ƙasan bene, ba taga ko ɗaya, sai baƙin labule da wani ƙaton teburin ƙarfe mai ƙananan ramuka jere, inda ake ɗaure madubai masu faɗin maɓallin kwat. Shi ke daidaita su, shi ya sa kowa a wurin Mai Madubi yake ce masa, har yawancinsu ba su san yana da wani suna ba.

Na sha bayanin aikin nan har na haddace, ba don ina so ba. A tsakiyar teburin akwai wani ɗan dutsen kiristal, ruwan hoda, bai kai tsawon ashana ba. An cuɗa shi da wani sinadari wai shi erbiyom. Ana ɗura masa wani haske ta baya, wanda suke kira hasken ciyarwa, shi kuma sai ya fitar da nasa ta gaba. Wannan na gaban ake nema, domin ruwa na shanye shi nan take, kuma jikin mutum kusan duk ruwa ne, don haka likita zai iya yanka da shi daidai inda yake so ba tare da ya ƙona gefe ba. Matsalar ita ce dutsen marowaci ne. Ka ba shi ɗari, ya maido maka ɗan kaɗan, sauran ya mai da shi zafi. Malam, wato mijin nawa, ya ce ƙwayoyin erbiyom ɗin in sun ba da haskensu ba sa saurin komawa ƙasa, sai su tsaya a matakalar tsakiya su tare wa na bayansu hanya. Na ce to ai na san irinsu, sun cika ofisoshin saman benenku.

Duk rayuwar ɗakin nan a kan lamba ɗaya take: kashi nawa cikin ɗari dutsen ya maido. Shekara huɗu suna kan goma sha biyu. Wata rana sha ɗaya da rabi, wata rana sha biyu da ɗigo, sai ya dawo gida yana murna kamar an yi masa albishir. Sun canja madubi, sun ƙara sanyaya dutsen, sun busar da iskar ɗakin har leɓɓansa suka riƙa tsagewa. Abu ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Ni ba lambar ce ta dame ni ba. Suna ne. Duk sanda aka gama wani gwaji, ana rubuta takarda a aika wa mujallar masana, a jera sunayen waɗanda suka yi aikin a sama. Ɗalibai sun zo ba su san inda ake kunna wuta ba, Malam ya kama hannunsu ya koya musu, sun fita da Dakta a gaban sunansu. Farfesan da ke shugabantar ɗakin yanzu ma haka ya zo, siriri, yana zufa, ya fasa madubi biyu a makonsa na farko, Malam ya rufa masa asiri. Takardu sun fi arba'in. A ƙarshen kowacce, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sai a rubuta: muna godiya ga ma'aikacin ɗakin gwaji. Ko sunan ba sa sawa. Ni in na ɗinka riga, aƙalla mai ita in an tambaye ta za ta ce wance ce ta ɗinka.

"Ka yi magana mana," nakan ce masa. "Bakinka ciwo yake yi?"

"Tela ke nan," sai ya ce, don haka yake kirana. "Ba a roƙon irin wannan. In ya cancanta za a sa."

Saura wata goma ya yi ritaya, kuma ba a sa ba.

Ranar wata Talata ya ciro dutsen ya ce zai sake goge bakinsa da hannu, ba da inji ba. Ana shafa wani lallausan gari a faranti, a riƙa zagaya bakin dutsen a kai a hankali, awa biyar, shida, har ya yi sumul yadda ko ƙura ba ta samun wurin zama. Yana cikin haɗa kayan bayan ya gama, na buga masa waya cewa 'yarmu ta fari naƙuda ta kama ta, muna asibiti. Ya zari kwat ɗinsa ya taho. Kafin la'asar ta haihu, mace. Jikarmu ta farko.

Washegari ya koma, ya ƙarasa ɗaure kayan, ya kunna. Ma'aunin ya nuna ashirin da tara.

Ya kashe ya sake kunnawa, ashirin da tara. Ya kira Farfesa, Farfesa ya sauko da gudu har yana tuntuɓe a matakala. Suka auna sau goma. Farfesa ya kama hannun Malam da hannu biyu ya ce, "Baba, wannan ba dutse ba ne, hannunka ne. Wannan karon sunanka na sama." Da ya dawo gida ya faɗa mini, sai da na tsayar da keken ɗinki na sa ya maimaita. Jaririya kuwa tun kafin a raɗa mata suna ya laƙaba mata Ashirin-da-tara, wai ita ta zo da goshi.

Makonni bakwai muka yi a cikin wannan daɗi. Aka rubuta takarda, aka aika, mujalla ta ce ta karɓa, saura bugawa. Mutumin da ba ya waƙa ya fara 'yan ƙananan waƙe-waƙe a banɗaki. Ni kuwa ba wadda ta kawo ɗinki ta fita ba ta ji labari ba. Har matar maƙwabcinmu, wadda mijinta direban babban ofis ne take kuma ji da kanta, sai da na tsayar da ita a bakin ƙofa na karanta mata.

Ranar wata Asabar da safe na ce bari in wanke kwat ɗin nan, tunda tun ranar asibiti yake rataye a bayan ƙofa. Ina lalube aljihu sai na ji wani abu a naɗe cikin 'yar farar takarda mai laushi. Na buɗe. Wani ɗan faifai ne, toka-toka, mai sheƙi, ba rami ko ɗaya. Na je na same shi yana shan shayi a falo.

"Malam, wannan maɓallin na wace riga ce? Ba shi ma da hanyar zare."

Ya dubi tafin hannuna. Ya ajiye kofin a hankali, kamar mai tsoron kada ya farka da wani.

"A ina kika samo?"

"Aljihun kwat. Lafiya?"

Ya karɓi abin daga hannuna. Sannan ya yi mini bayani da wata murya da ban san shi da ita ba. Abin matatar haske ce, mai tace shi kamar rariya, ta wani ƙarfe wai shi jamaniyom. Wurin zamanta cikin wani baƙin bututu ne a bakin ma'auni, inda ba a ganinta daga waje. Ma'aunin ba ya bambance haske da haske, zafi kawai yake ji. Ba duk hasken ciyarwa dutsen ke shanyewa ba, wani yana zarcewa ta gaba, kuma aikin matatar ta tare shi, ta bar na gaskiyar kaɗai ya wuce. Ranar Talatar nan ya ciro ta zai goge, wayata ta shigo, ya jefa ta a aljihu. Washegari ya ɗaura bututun ba komai a ciki.

"To sai me?" na ce, ko da yake na riga na gane.

"Sai dai ma'aunin ya haɗa abin da muka zuba da abin da ya fito, ya ba mu jimla."

"Wa ya sani?"

"Ni. Sai ke."

Ba zan ɓoye abin da na ce ba, tunda na ɗauko faɗin gaskiya. Na ce ya ba ni abin in jefa a gwangwanin maɓallaina, inda ko ni ba na samun abin da nake nema. Na ce wata takwas ne ya rage, ya bari a buga, ranar Litinin ya mai da ita wurinta shiru, in lamba ta sauko a ce dutse ne ya gaji. Na ce shekara ashirin da shida suna cin guminsa ba wanda ya ji kunya, sai shi ne zai ji kunyar kuskuren da haihuwa ta jawo? Na ce ya tuna ni, ya tuna bakin da na buɗe a unguwa. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su da alaƙa da leza.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Sa mayafinki. Mai yiwuwa ma ba haka ba ne. Mu je mu gani."

Wannan ne zuwana na uku ɗakin a duk tsawon shekarun nan. Ranar Asabar ba kowa, sai ƙarar injin sanyi. Ya ba ni wani tabarau mai kauri ya ce kada in cire ko da wasa, ya nuna mini inda zan tsaya. Ya kunna. Ba abin da ya haska, ba abin da ya motsa, sai lambobi a fuskar ma'auni suka hau suka tsaya. Ya yi lissafi a gefen littafinsa. Ashirin da tara, daram.

Sai ya ɗauko wasu siraran gilasai guda biyu, ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan ɗaya, ya kifa ɗayan a kai. Wannan dabararsa ce tun da daɗewa, ɗalibai har dariya suke yi masa, wai gwajin tsofaffi. Tunda ruwa na shanye hasken da suke nema, in ka sa ɗigon a hanya dole lamba ta faɗi ƙasa warwas. In ta ƙi faɗuwa, to abin da ke wucewa ba shi ba ne. Ya riƙe numfashi, ya zura gilashin a gaban bututun.

Lamba ta sauko, ta sauko, ta zo wajen goma sha bakwai ta tsaya. Na zuba mata ido ina cewa a raina sauka mana, 'yar banza, sauka. Ko gezau.

Ya cire gilashin, ya kwance bututun, ya mai da matatar, ya ɗaure. Goma sha biyu da ɗigo uku. Wato duk gugar da ya yi ta awa shida, ɗigo ukun nan ta ƙara.

"Ka ce kullum kana wannan gwajin ruwan," na ce. "Me ya hana ka yi a ranar?"

Ya daɗe yana goge gilashin da bai da datti.

"Na ɗauko su," ya ce. "Har na ɗiga ruwan. Sai na ji Farfesa yana saukowa yana kiran sunana. Sunana na gaskiya, Tela, ba Mai Madubi ba. Sai na mai da su cikin aljihun tebur."

Haushinsa nake ji, haushin Farfesa, haushin dutsen, haushin kaina da na tashi wankin da ba wanda ya sa ni. A hanyar gida na sake gwadawa ta lallashi. Ya ce wani a wata ƙasa zai karanta, ya sayi irin dutsen, ya yi shekara biyu yana guga yana zargin hannunsa. Ya ce ya san yadda wannan yake, ba zai ɗora wa wani ba. Na ce shi wannan wanin ya san da zamanka? Ya ce a'a. Haka muka ƙarasa gida.

Ranar Litinin na goge masa riga, ban yi masa a dawo lafiya ba. Abin da ya faru a ofis daga bakinsa na ji, kuma sai da na yi ta tatsa. Ya ajiye wa Farfesa littafin a buɗe, ya faɗa masa komai. Farfesa bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi faɗan ma da ya fi mini, da na sami wanda zan zaga da hujja. Ya cire tabarau ya dafe goshi, ya ce ya riga ya tsaya gaban manyan jami'a ya faɗi lambar nan da bakinsa. Ya ce laifin ba na mutum ɗaya ba ne, shi ma ya kamata ya leƙa bututun. Malam ya tambaya ko za a iya gyara takardar a sa sha biyu da ɗigo uku. Farfesa ya ce, "Baba, sha biyu ai kowa na da ita. Ba mujallar da za ta buga." Ya ce in an sami sabon dutse za a sake gwadawa, amma kafin a yi oda ya iso, a ƙalla shekara ɗaya da rabi. Duk su biyun sun iya lissafi, ba wanda ya ƙara magana a kan wannan.

Matar direba ta tare ni bayan kwana biyu tana tambaya ko jaridar ta fito. Na ce mata ba jarida ba ce, mujalla ce, na shige gida na rufe ƙofa da ƙarfi har agogon bango ya karkace.

Ranar Alhamis ya dawo da wuri, da ambulan a hannu. Ina kan keke ina haɗa wuyan wata riga da ta ƙi zama. Ya tsaya a kaina har na ɗaga ƙafa daga feda.

"Wasiƙar janyewa ce," ya ce. "Mujallar ta ce ba ta karɓa sai duk marubutan sun sa hannu. Wannan kwafina ne."

Na karɓa. Layi biyar ne kacal, cewa an gano kuskure a wajen awo, ana neman a janye takardar, ana ba da haƙuri. A ƙasa sunaye huɗu a jere, kowanne da sa hannu a gefensa. Na Farfesa, na wasu Daktoci biyu, sai na uku daga sama, tsakanin Dakta da Dakta, nasa. Cikakke, da na mahaifinsa. A saman jerin an rubuta: Marubuta. Ya sa hannu a hankali, na ga alama, don ko harafi ɗaya bai karkace ba.

"Ba su yi kuskure a rubutun ba ko?" ya ce. "Ban zo da tabarauna ba."

Tabaraunsa na aljihun gaban rigarsa, ina ganinsu. Na karanta masa sunan da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe, na ce daidai yake. Ya gyaɗa kai, ya ce to madalla, ya tambaya ko akwai sauran ruwan zafi. Na ce ya duba fulas. Ya wuce kicin, ni kuma na zauna da takardar a cinya, na kasa mai da ƙafata kan feda.